Jinyar Yarinyar da Ta Riga Ta Rasu

A shekara ta biyu ta korona, lokacin da aka sake kulle Kuala Lumpur, ina aikin nas a sashen da ake kwantar da waɗanda ciwonsu ya yi tsanani, a wani asibitin kuɗi da ba shi da nisa da unguwar Chow Kit. Aure ne ya kai ni ƙasar. Maigidana ya je karatu, ya gama, ya sami aikin koyarwa, ni kuma da zaman gida ya ishe ni na yi ta faɗi-tashi har aka ba ni izinin ci gaba da aikin da na baro a Zariya. Ni kaɗai ce baƙar fata a sashen, saboda haka duk ranar da aka kawo ɗan Afirka, ko daga wace ƙasa ya fito, ni ake nema.

An raba sashen gida biyu a lokacin. Masu korona suna can ƙarshen baranda, bayan wasu labulayen leda masu kauri, ba a shiga wurinsu sai an rufe jiki tun daga kai har ƙafa. Mu kuma muna riƙe da waɗanda gwaji ya nuna ba su da ita: masu ciwon zuciya, waɗanda suka yi hatsari, waɗanda aka yi wa babbar tiyata. An hana dangi zaman jinya. Sai dai in an ga mutum zai tafi, a bar ɗan'uwa guda ya shigo ya gan shi na ɗan lokaci.

Wata safiya na shigo aiki, ban ko gama gyara takunkumin fuskata ba shugabarmu ta yafito ni. Dattijuwa ce 'yar Malay, gajera, mai ƙaramar murya, duk muna ce mata kak, wato yaya.

"Akwai 'yar ƙasarku a gadon bakin taga," in ji ta. "Ke za ki riƙe ta yau." Sai ta ƙara rage murya. "Ina jin ta riga ta tafi. Amma kada ki ce wa yayanta komai sai likitoci sun gama nasu."

Yarinya ce da ba ta daɗe da haura ashirin ba, 'yar Jos, tana karatun harkar otal a wata kwaleji. Ita da yayanta namiji suke zaune a wani ɗan gidan sama da suka kama haya. Ta kwana biyu tana kukan ciwon kai, ta ce yawan kallon kwamfuta ne, tunda karatun duk ya koma ta intanet. Ranar da abin ya faru tana zaune a ƙasa tana tsifa, yayan ya sauka karɓo abincin da suka aika a kawo musu, ya dawo ya tarar da ita a kife, kibiyar tsifar na hannunta. Jijiya ce ta fashe a cikin kanta. Ko da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar, likitan tiyata ya duba ya ce babu abin da zai iya gyarawa.

Na je na tsaya a kanta. In ba don bututun da ke bakinta ba, sai ka rantse barci take. Jikinta da ɗumi, fatarta sumul, jan farcen hannunta ya soma ɓarewa. Ƙirjinta na ɗagawa yana sauka yadda injin numfashi ya tsara masa. Kan nata rabi a tsefe, rabi da tsohon kitso.

Da hantsi likitoci biyu suka zo gwada ta, ni nake miƙa musu kayan aiki. Suka haska mata tocila a ido, ƙwayar ba ta motsa ba. Suka shafa auduga a kan ƙwayar idon, ba ta ƙifta ba. Suka ɗura mata ruwan ƙanƙara a kunne, abin da ko wanda ya yi dogon suma sai idonsa ya juya, nata suna nan a tsaye. Daga ƙarshe suka cire ta daga injin, muka zuba wa ƙirjinta ido ko za ta ja numfashi da kanta. Na sha ganin mutuwa a aikina, amma ban taɓa yin tsayuwar da ta yi mini tsawo kamar wannan ba. Ba ta ja ba. Aka mayar da ita kan injin. Da yamma suka dawo suka maimaita komai daga farko, bai canza ba. Babban likitan ya dubi agogon bango ya faɗi lokaci, ya ce shi ne lokacin rasuwarta. Yana faɗa, zuciyarta na bugawa a allon da ke saman gadon, hannunta na cikin nawa da ɗuminsa.

Yayan nata ya kusa talatin, dogo ne siriri, yana karatun injiniya. Tun da aka kawo ta yake zaune a bencin ƙofar asibiti. Likita ya yi masa bayani da Turanci a ɗan ɗakin da muke ganawa da dangi, shi kuma yana ta gyaɗa kai kamar ya gane. Da likitan ya fita sai ya dube ni.

"Sista, ke 'yar ina ce?"

"Zariya."

Ya sunkuyar da kai, ya koma Hausa. "Don Allah Anti, ki gaya mini da Hausa. Turancin nan na ji shi, amma bai shiga ba."

Da Turanci aka koya mana wannan a makaranta, ban taɓa faɗinsa da harshena ba. Na lalubo kalmomi, sannan na ce, "Ƙanwarka ta rasu. Ƙwaƙwalwarta ta mutu gaba ɗaya, har wurin da ke sa mutum ya yi numfashi. Injin ne ke hura mata iska, iskar ce ta sa zuciyar ba ta tsaya ba tukuna. Ko an bar injin a kunne, zuciyar za ta tsaya da kanta, in ba gobe ba jibi."

"Ba suma ba ce?"

"Ba suma ba ce. Wanda ya suma yana iya farkawa."

Ya kifa kansa a gwiwa ya yi kuka irin na namiji, wanda kafaɗu kawai ke rawa. Na tura masa kwalin tishu, na zauna a nesa kamar yadda doka ta ce.

Akwai wata nas 'yar asalin Indiya da aikinta shi ne tuntuɓar dangi kan bayar da sassan jikin mamaci ga masu jiran dashe. Ta shigo ta zauna. A Zariya ba zan ko iya buɗe baki in yi wa mai makoki irin wannan magana ba. Na ɗauka zai tashi ya zage mu. Sai na ga ya share fuska ya saurare ta har ta kai ƙarshe. Ya ce ciwon ƙoda ne ya kashe mahaifinsu, ya yi shekaru ana yi masa wankin ƙoda a Jos, ba a sami wanda tasa ta dace ba. Ya ce ƙanwar tasa ta sha faɗa cewa in ta mutu a cire nata a ba wani, har yakan ce mata ta daina wannan zancen.

"Amma ba ni da ikon cewa e," in ji shi. "Sai Mama."

Babu jirgin da zai kawo uwar, iyakoki a rufe suke. Muka sa wayarsa a cikin leda, aka ɗaura masa rigar kariya, muka shiga tare. Yammacin Kuala Lumpur hantsi ne a Jos. Wata mata mai kimanin shekara sittin ta bayyana a wayar, zaune a falo, matan cocinsu a bayanta.

"Sannu Mama," na ce.

"Ke ce Bahaushiyar? Sannu 'yata. Juya mini ita in gani."

Na juya. Ta daɗe tana kallo.

"Ai tana numfashi."

"Injin ne, Mama."

"Taɓa ta. Jikinta ya yi sanyi?"

"Da ɗumi."

"To wace irin gawa ce mai ɗumi? Ni na rufe wa uwata ido, a cinyata babansu ya cika. Na san gawa."

Na sake yi mata bayanin da na yi wa ɗanta, a hankali. Ɗan ya karɓa ya gaya mata maganar dashen. Matan da ke bayanta suka ɗauki hayaniya, ta ɗaga musu hannu suka yi tsit.

"'Yata, kina da 'ya'ya?"

"Biyu, Mama."

"In taki ce, za ki yarda a yanka ta zuciyarta na bugawa?"

Na ce, "Ban sani ba, Mama. Abin da na sani shi ne ba za ta dawo ba. Da akwai ko ɗan zato, wallahi ni ce zan fara tsayawa in hana a taɓa ta."

Ta kashe wayar.

Washegari tun kafin in isa asibiti ta kira ɗanta ta ce a ba ni waya in na zo. Muryarta ta dishe. Ta ce ta kasa barci tana tuna babansu, yadda suka yi ta sintiri a hanyar asibiti har ya ƙare a kan idonta. Ta ce da a lokacin wata uwar ta ba su, da hannu biyu za ta karɓa.

"Ku ɗauki ƙodojin. Hantar ma in tana da amfani ku ɗauka. Zuciyarta da idanunta ku bar mata." Ta numfasa. "Sannan wa ya bar mata kai haka, kamar marar uwa?"

Daga nan aikina ya koma wani abin da ban taɓa yi ba. Mutum zai ɗauka wanda ya rasu ba ya bukatar jinya. Ban taɓa riƙe majinyacin da ya hana ni zama kamar yarinyar nan ba. Duk abin da ƙwaƙwalwa ke yi wa jiki ba tare da mai jikin ya sani ba, mu ya koma wa. Sai an shirya waɗanda za a yi wa dashen, an gama gwaje-gwajen jini, an tara likitocin da za su zo daga babban asibitin gwamnati, kuma duk tsawon wannan jira dole ƙodojin su ci gaba da samun jini mai kyau.

Jikinta ya daina riƙe ɗumi, sai muka lulluɓe ta da bargon da ake hura wa iska mai zafi, ruwan da muke ƙara mata ma sai an ɗumama. Fitsari ya ɓalle mata fari tas kamar ruwan famfo, ina zubar da jakar ina dawowa ta sake cika, duk abin da ya fita kuma sai na mayar mata da madadinsa ta jijiya har aka yi mata allurar da ta tsayar da shi. Jininta ya hau, can ya faɗi, in ƙara maganin in rage. Na zuƙe mata majina daga bututun, na goge mata haƙora, na shafa mata mai a leɓe. Idanun da uwar ta ce a bar mata na ɗiga musu magani na rufe su da filasta don kada su bushe. Muna juya ta dama da hagu kamar kowane majinyaci, kada fatar ta yi gyambo.

Da muka zo juyawar farko, kak ta sunkuya kusa da kunnenta ta ce, "Ƙanwata, za mu juya ki yanzu." Na dube ta. Ta ce, "Haka muke yi a nan. Kunya ba ta ƙarewa don mutum ya rasu." Ta ja labule kafin ta ɗaga mata riga. Tun daga nan ni ma na riƙa yi mata magana, da Hausa. Sannu, zan goge miki baki. Sannu, ga allura. Na san ba ta ji. Amma hannuna ya fi taushi in na yi maganar.

Da azahar na sauka masallacin asibitin, wani ɗan ɗaki da aka manna wa filasta a ƙasa don a bar tazara. Da na ɗaga hannu zan yi mata addu'a sai harshena ya sarƙe. Na saba in ce Allah ya ba majinyatana lafiya. Wannan kuwa an riga an rubuta lokacin rasuwarta, ga shi na baro ta ana auna mata zafin jiki. Na daɗe a zaune. Ƙarshe uwar na yi wa addu'a, da mutanen da ba mu sani ba da ke jiran ƙodojin.

Akwai kuma abin da kowa ya sani a sashen ba mai faɗa. A ƙasa, ɗakin taimakon gaggawa ya cika, akwai masu jiran gado da injin numfashi. Duk lokacin da wayar tebur ta yi ƙara, na san abin da ake tambaya. Kak takan amsa a taƙaice ta ajiye, ba ta kallon gadon bakin taga. Ni ce nake kallonsa, ina lissafin abin da bai kamata in lissafa ba.

Da rana aka bar yayan ya sake shigowa. Ya zauna ya riƙe hannunta yana yi mata hira, yana ba ta labarin ƙawayenta da ke ta bugo waya. Ina can ina sauya ruwa sai na ji ya ƙwalla ihu.

"Anti! Ta riƙe ni! Wallahi ta matse mini hannu!"

Na zo na gani da idona. Yatsunta sun lanƙwashe a kan nasa, a hankali suka saki. Na san abin, an koya mana: lakar baya takan sa gaɓa ta motsa ko da ƙwaƙwalwa ta mutu. Shi kuwa har ya zaro waya zai kira Jos. Na riƙe gefen ledar wayar na ce ya tsaya. Na kira babban likita, ya zo ya buɗe mata ido ya haska tocila a gabansa, ya ce ya matso ya duba da kansa. Ya duba. Na fassara masa abin da likitan ke faɗa, ina ganin murnar na zubewa daga idonsa. Rasuwar ƙanwarsa sau biyu na gaya masa ke nan. Ya roƙe ni kada uwar ta ji wannan, na ce shi ke da ikon faɗa ko bari.

Bayan ya fita na samo mataji da man shafawa. Kak ta riƙe bututun da hannu ɗaya ta tallafe kan da ɗayan, ni kuma na ƙarasa tsifar da yarinyar ta fara. Gashi ne mai yawa, mai tauri irin namu. Safar hannun roba sai zamewa take, kuma ba dama in cire. Ba a ɗaga kan sosai, saboda haka ƙeyar da lalube na kitsa ta. Na yi mata zane ya koma baya, layin bai miƙe yadda nake so ba. 'Yan matan Malay da muke aiki tare suka riƙa leƙowa, ɗaya ta ce ba ta taɓa ganin yadda ake yi ba. Da muka nuna wa uwar ta waya, ta kawo fuskarta kusa ta duba ta ce, "Ya yi. Allah ya yi miki albarka."

Zuwa safiya ta gaba komai ya kammala. An kira mutum biyu da ƙodojin suka dace da su, suna can wani asibitin an hana su cin abinci. An sa lokacin tiyata bayan azahar. Na yi mata wanka da tawul, na sauya mata zanen gado. Abu ɗaya ya rage. An yi mata gwajin korona ta hanci ranar da aka kawo ta, babu. Amma ƙa'idar lokacin ita ce kafin a cire wani sashe sai an sake gwadawa da majinar da aka zuƙo daga can cikin huhu. Ni na zuƙo ta da hannuna na aika, ban ko sa abin a raina ba.

Ina gyara mata filastar ido na hango babban likita ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Ya kira kak, suka yi magana. Kak ta juyo ta dube ni, ta ce in tsaya inda nake kada in fito.

Gwajin ya nuna tana da ita. Ko ta zo da ita a ɓoye, ko a hanya ta ɗauka, babu wanda ya iya cewa. A wancan lokacin ba a karɓar komai daga jikin mai korona, don wanda aka yi wa dashe ana ba shi maganin da ke karya garkuwar jiki. Aka buga waya aka dakatar da likitocin da ke shirin tahowa. Mutum biyun nan aka ce su ci abinci su koma gida.

Aka miƙo mini cikakkun kayan kariya na sa a nan cikin ɗakin. Yayan yanzu ba shi da damar shigowa, shi kansa an ce ya je a gwada shi. Ta waya aka haɗa mu mu uku, shi a ƙofar asibiti, uwar a Jos da sassafe, ni a gefen gadon. Ya ce ba zai iya ba, ni in gaya mata.

Na gaya mata. Ban yi kwana-kwana ba, don na lura ita ba mai son haka ba ce.

Can ta ce, "Ko ɗaya ba za a ɗauka ba?"

"Ko ɗaya, Mama."

"To duk ajiye ta da kuka yi fa? Na hana kaina kuka, na ce sai an gama. Na gaya wa mutane a coci."

Na ce, "Ki yi haƙuri, Mama." Hawaye na zuba cikin takunkumi, gilashin fuskata ya yi hazo, ba halin in share.

Ta tambaya me ya rage. Na ce za a kashe injin. Ta ce to kada in ajiye wayar, in kai ta kusa da kunnen 'yarta. Likita ya shigo cikin nasa kayan, ya tsayar da magungunan, ya kashe injin. Ɗakin ya yi tsit irin wanda ban ji ba tun da na karɓe ta. Ƙirjin ya sauka bai sake ɗagawa ba. Uwar ta fara addu'a da Hausa, can ta koma yarensu, tana kiran yarinyar da wani sunan gida. Zuciyar ta ci gaba da bugawa a allon na ɗan lokaci, tana ja baya, tana tsallake, har layin ya miƙe. Likita bai dubi agogo ba, tunda an riga an rubuta lokacin tun shekaranjiya. Na bari sai da uwar ta kai amin sannan na ce, "Mama, ta tsaya."

Gawar mai korona ba a yi mata wanka a lokacin, ba a ba dangi. Bututun ma ba a bari na cire ba. Ni da kak muka naɗe ta a zanen da na shimfiɗa mata da safe, muka sa ta a jakar leda, aka fesa magani, aka sake sa ta a wata. Jikin da na yi kwanaki ina ɗumamawa ya soma sanyi tun kafin mu ja zif. Masu ɗaukar gawa suka zo suka tura ta ta ƙofar baya. Ba a jima ba masu shara suka shigo wanke ɗakin, don akwai mai jiran gadon.

Duk wanda ya taɓa ta aka tura shi gida ya killace kansa. Na tafi a motar asibiti, ta titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, kantunan yadi duk a rufe, titin ba kowa sai masu babur da ke kai abinci. A gida na shige ɗakin yara na kulle, su suka koma wurin babansu. Shi yake ajiye mini abinci a bakin ƙofa ya ƙwanƙwasa ya ja da baya. Ƙaramar 'yata takan kwanta a ƙasa ta leƙo ta ƙarƙashin ƙofar ta ce, da Turancinta, tana ganin ƙafata.

Daga cikin ɗakin nan na bi sauran labarin ta waya. An ba yayan zaɓi biyu, ƙonawa ko binnewa a nan, don ba za a ɗauki gawar zuwa gida ba. Uwar ta ce ko za a yi me kada a ƙona mata 'ya. 'Yan Najeriya na cocinsu, yawancinsu mutanen Filato da Kaduna, suka tashi tsaye har aka sami wuri a wata maƙabartar Kiristoci a bayan gari. Gwajin yayan ya nuna shi ma yana da ita, ko tari bai yi ba, amma an killace shi, bai je ba. Fastonsu ne ya tsaya daga nesa ya ɗauko masa hoton ma'aikata cikin fararen kaya suna sauke akwatin. Yayan ya turo mini, na kalla sau ɗaya.

Nawa gwajin ya fito babu komai, na kak ma haka. Ana gobe zan koma aiki uwar ta kira ni da kanta. Ta gaishe ni, ta tambayi yara. Sannan ta ce, "Mutanen nan biyu da aka kira, sun sami wata?"

Na ce ba a gaya mana ko su wane ne, amma zan tambaya. Na tambayi nas ɗin nan 'yar Indiya. Ta ce ba ta da izinin faɗin komai a kansu, abin da kawai za ta iya cewa shi ne an dakatar da dashe gaba ɗaya sai abin ya lafa. Haka na mayar wa uwar. Ta ce, "Allah sarki. Su ma suna da uwaye." Muka yi sallama. Mun ci gaba da gaisawa jefi-jefi, har ɗan nata ya gama karatu ya koma gida, daga baya lambar ta daina shiga.

Ranar da na koma asibiti na tarar an cire labulayen ledar nan daga ƙarshen baranda an dawo da su bakin ƙofar shiga. Sashen gaba ɗaya ya zama na masu korona. Kak ta miƙo mini kayan kariya ta ce in yi sauri, majinyata uku ne nawa, biyu an kwantar da su rub da ciki don su sami numfashi, kuma lokacin juya su ya yi.